Yadda Za a Gane Ko Maɗaurin Alfarma na Agogon Zamani Ya Cancanci Kuɗinsa

Agogon zamani, irin wanda ake haɗawa da waya yana nuna saƙonni yana kuma ƙirga bugun zuciya, yana da wani hali da ya kamata mai shirin kashe masa kuɗi ya sani tun farko, wato batirinsa da ƙwaƙwalwarsa suna tsufa cikin 'yan shekaru. Kamfanin Apple da kansa ya bayyana cewa an tsara batirin agogonsa ne domin ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 1,000, kuma wanda yake cika shi kullum zai kai wannan adadi cikin kimanin shekara 3. Saboda haka, kafin mutum ya sayi maɗauri mai tsada, ko sarƙa, ko rigar agogo, wato murfin da ake sa wa jikinsa, wadda aka yi wa ado da duwatsu, ya fara bincika ko abin zai ci gaba da amfani bayan agogon ya gaji.

An taɓa gwada zuba alfarmar a jikin agogon kansa, kuma sakamakon yana da amfani ga mai saye. A shekarar 2015 Apple ya fito da Apple Watch Edition na zinare mai karat 18, farashinsa daga dala 10,000 har zuwa dala 17,000. Zuwa 2018, sabuwar manhajar watchOS 5 ba ta aiki a kansa. Zinaren bai rasa darajarsa ba, amma na'urar da ke cikinsa ta zama tsohon yayi cikin shekara 3. Ni a ganina, duk kuɗin alfarmar da za a kashe ya tafi ga abin da ake iya cirewa a mayar kan wani agogon, kuma a mafi yawan lokuta wannan abin shi ne maɗauri.

Abu na farko da za a duba shi ne mahaɗi, wato wurin da maɗaurin yake shiga jikin agogo, domin shi ne yake nuna tsawon rayuwar abin da aka saya. Apple ya riƙe salon mahaɗi ɗaya tun 2015, cikin rukuni biyu. Maɗauran agogo mai girman milimita 38, 40 da 41 suna shiga juna, haka ma na milimita 44, 45, 46 da 49. Wurin da ake ruɗewa shi ne milimita 42, domin tsofaffin agogunan farko masu wannan awo suna cikin babban rukuni, alhali samfurin Series 10 na 2024 mai milimita 42 yana cikin ƙaramin rukuni. Don haka a gaya wa mai shago sunan agogon da awonsa tare, sannan a gwada a gabansa. Yawancin agogunan Samsung daga Galaxy Watch 4 zuwa 6 suna karɓar maɗauri mai faɗin milimita 20, irin na agogunan gargajiya, amma Galaxy Watch Ultra ya zo da mahaɗi nasa na daban. Maɗaurin da aka yi bisa awon gama-gari na milimita 20 ko 22 ya fi kowanne tsira, tunda ko an bar agogon zamani gaba ɗaya ana iya ɗaura shi a kan agogon gargajiya. Rigar agogo kuwa ana yin ta ne daidai jikin samfuri ɗaya, da zarar kamfani ya sauya siffar agogon ta tashi daga aiki, saboda haka ba na ganin dalilin sayen mai tsada.

Bayan mahaɗi sai a yi lissafi. Maɗaurin roba na Apple dala 49 ne. Na Hermès, gidan kayan alfarma na birnin Faris wanda ya fara da ɗinkin kayan doki a 1837 kuma yake aiki tare da Apple tun 2015, yana wuce dala 300, wato ya fi tsada a kan agogon Apple Watch SE da aka fitar a 2022 kan dala 249. A raba farashin da yawan shekarun da ake tsammanin za a ɗaura shi. Maɗaurin dala 350 da ya lalace cikin shekara 2 ya ci dala 175 a kowace shekara, wanda kuwa ya kai shekara 7 a kan agoguna biyu ko uku ya ci dala 50 ne kawai. Sai a tuna cewa wani kaso na kuɗin ana biyan sa ne saboda suna, kuma babu laifi mutum ya sayi suna idan ya san abin da yake saye ke nan, matuƙar bai ɗauka cewa tsadar tana ƙara wa agogon wani aiki ba.

Inda lissafin yake yawan rushewa shi ne yanayin rayuwar mai ɗaurawa, kuma a nan ne ya kamata a fi tsayawa. Fata mai kyau ba ta jituwa da ruwa, Apple ma ya sanya maɗauran fata cikin waɗanda ba sa jure ruwa. Musulmi yana alwala sau da yawa a rana, kuma dole ruwa ya game hannu har gwiwa, saboda haka ko dai ya riƙa cire agogon kowane lokaci, ko ya riƙa gusar da shi ruwa yana taɓa maɗaurin. Wanda ya san ba zai jure cirewa ba, fatar za ta yi duhu, ta yi wari, ɗinkinta ya saki tun ba a je ko'ina ba. Zufar watannin Maris da Afrilu tana yin irin wannan ɓarna, hunturu kuma yana busar da fata har ta tsattsage idan ba a shafa mata man da ya dace ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a ajiye maɗaurin fata domin Juma'a, ɗaurin aure da zaman ofis, a sami na roba ko na saƙa domin sauran ranaku. Namiji Musulmi ya kuma tambayi abin da aka yi sarƙa da shi, tunda zinare bai halatta gare shi ba, kuma yana da kyau a tambayi irin fatar da aka shimfiɗa daga ciki, domin wasu masu haɗa kayan fata suna amfani da ta alade a wannan wurin.

Kada kuma ado ya hana agogon aikinsa. Na'urar ƙirga bugun zuciya tana bayan agogon, tana haska fata da koren haske, kuma sai ta zauna daidai a jiki take ba da sakamako mai kyau. Sarƙa mai nauyi da take yawo a hannu kamar awarwaro tana ɓata wannan ƙirga. Rigar ƙarfe mai kauri tana iya raunana sigina, maɗauri mai maganaɗisu kuma yana iya karkatar da kamfas, abin da ya shafi masu neman alƙibla da agogonsu. Wanda fatarsa take ƙaiƙayi idan ta taɓa ƙarfe ya nemi bayani a kan sinadarin nikel, ya kuma guji ƙarfen da aka yi wa ruwan zinare mai arha, domin zufa tana cinye shi.

Sannan a yi hattara da jabu, musamman a intanet, inda hoto ba ya nuna komai game da inganci. A duba ɗinki ko ya tafi a layi ɗaya, a duba gefen fatar ko an goge shi sumul, a saka mahaɗin a ji ya kulle, sannan a ja shi da ɗan ƙarfi, domin mahaɗi marar kyau shi ne yake sakin agogo ya faɗi fuskarsa ta fashe. A karɓi rasit da sharaɗin mayarwa, kuma idan an ga sunan babban gida a kan farashin da bai kai rabin na asali ba, a bar shi.

Ga wanda fata mai kyau yake so ba tare da damuwa da tambari ba, akwai hanya mafi sauƙi kusa da gida. Fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe da yin suna a kasuwannin Turai, majemun Kano kuma har yanzu suna fitar da fata zuwa ƙasashen waje. Ana sayar da mahaɗin ƙarfe shi kaɗai na agogunan Apple, don haka mutum zai iya sayen mai inganci ya kai wa baduku ƙwararre tare da tsohon maɗaurinsa domin a ɗauki awo. A nemi ya yi fatar ninki biyu, ya ɗinke ta da zare mai ƙarfi maimakon gam kaɗai, ya kuma tsaya ya ga an gwada ta a hannu kafin a huda ramukan ƙarshe.