Yadda ake daidaita wa kaktus ɗin Kirsimeti zafi da sanyi a Zariya

Akwai wata shukar ado da ake ajiyewa a tukunya, rassanta gaɓa-gaɓa ne masu faɗi, suna lanƙwasowa ta bakin tukunyar, fure kuma yana fitowa a ƙarshen reshe, ja ko ruwan hoda ko fari. Masu sayar da furanni suna kiranta kaktus ɗin Kirsimeti, masana tsirrai kuma Schlumbergera. Yawanci ana sayenta ne tana cike da fure, shekara ta zagayo ta ƙi sakewa, ko kuma bazara ta yanƙwane ta tun kafin ruwan farko ya sauka.

Abin da ke jawo haka shi ne, da yake an san kaktus da zaman hamada, ana yi mata kallon 'yar hamada, a ajiye ta a rana, a bar ta da ƙishi. Alhali asalinta duwatsun gaɓar teku ne na kudu maso gabashin Brazil, wajen jihohin Rio de Janeiro da São Paulo, inda take tsirowa a kan rassan bishiyoyi da tsagin duwatsu, cikin inuwa da raɓa. A can wajen watan Mayu take fure, lokacin da sanyinsu ke shigowa. A Turai da Amurka sai Nuwamba da Disamba. Ke nan ba lissafin watanni take bi ba, abu biyu take jira: dare ya yi sanyi, ya kuma yi tsawo. Mu a Zariya hunturu yana ba mu sanyin kyauta, in dai mun san inda za mu ajiye tukunyar, tsawon daren kuma ɗan ƙari kawai yake buƙata.

Fara da auna gidanka

Kafin komai ka nemi ɗan ma'aunin zafi na bango, irin wanda ake samu wajen masu sayar da kayan kiwon kaji. In ka sami mai batir wanda ke riƙe mafi zafi da mafi sanyin da aka yi a yini, ya fi. Jikin mutum ba abin dogaro ba ne a nan, domin ɗakin da kake jin ɗari a cikinsa da asuba yana iya kasancewa a digiri 23, wanda ga wannan shuka dare ne mai ɗumi.

Ga alƙaluman da za ka riƙe, duk a ma'aunin Selshiyos. Lokacin girma tana jin daɗin digiri 21 zuwa 27. Don ta ƙulla fure tana son dare mai digiri 13 zuwa 18. In dare bai sauka ƙasa da 21 ba, da wuya ta ƙulla abin kirki. Zafi ya haura 32, 'yan ƙullin furen sukan kakkaɓe. Ƙasa da digiri 10 kuma sanyin ya fara yi mata lahani.

Ka ajiye ma'aunin dare ɗaya a falo, dare ɗaya a baranda, dare ɗaya a ɗakin da ba a kwana ciki, kana dubawa bayan sallar asuba da kuma wajen ƙarfe uku na rana. Za ka ga bambancin da ba ka zata ba tsakanin ɗakunan gida guda.

Zaɓen wuri, nan ne rabin aikin

Ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin shi ne mafi muni: da rana ya gasa ta, da dare ya huce farat ɗaya. Ɗakin da bangonsa ke kallon yamma shi ma a guje shi, domin yana shan ranar la'asar ya riƙa fitar da zafin har tsakar dare. Masu gidajen ƙasa a cikin Birni da tsofaffin unguwanni sun fi kowa sa'a, saboda kaurin bango yana hana zafin rana shiga. Matsalar soron ƙasa ita ce ƙarancin haske da kuma riƙe ɗumi da dare, don haka a irin wannan gida bakin taga ko bakin ƙofa za a sa ta.

Zariya tana wajen digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka daga Nuwamba zuwa Janairu rana tana karkata ne ta kudu. Barandar da ke kallon arewa ba ta ganin rana kai tsaye a waɗannan watanni, ga haske wadatacce, ga sanyi. Sai dai iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, kuma busasshiya ce ƙwarai. Dole ka yi wa tukunyar kariya ta wannan gefe, ko da zana ce ko tabarma, ko ka sa ta a lungun da bango ya tare. Sanyin ake so, ba kaɗawar iskar ba. Tagar gabas mai labule shara-shara ita ce zaɓi na biyu, ranar hantsi kaɗan ba ta cutar da ita. In ka ga gaɓoɓin sun fara yin ja-ja, rana ta yi yawa, ka matsar da ita ciki.

Farkon Nuwamba: sanyi da duhu

Littattafan Turawa za su ce a fara a ƙarshen Satumba ko Oktoba. A wurinmu daren Oktoba bai gama hucewa ba. Ka jira har ma'auninka ya fara nuna digiri 18 ko ƙasa da haka da asuba, wanda yawanci cikin Nuwamba ne. A Disamba da Janairu daren Zariya kan sauka zuwa wajen 13 ko 14 a fili, daidai abin da take so.

Tun daga lokacin, ka ba ta duhu marar yankewa na awa 13 zuwa 14 kullum, har mako shida. Daren Disamba a nan bai wuce awa goma sha biyu da rabi ba, sai an ƙara masa. Hanya mai sauƙi ita ce babban kwali: da kiran magariba ka kife shi a kanta, ka ɗage wajen ƙarfe bakwai da rabi zuwa takwas na safe. Kwalin ya zama mai faɗi, kada ya taɓa rassan, kuma kada ka yi amfani da leda, tana tara gumi.

A ganina wannan batu na duhu shi ne ke kayar da mafi yawan mutane, kuma ba su sani ba. Fitilar sola da ke kwana a kunne a tsakar gida, kwan baranda da ake mantawa da shi a buɗe sai a kawo wuta ƙarfe biyun dare ya haska, hasken talabijin ta taga, duk suna yanke mata dare. Ita kuma in an yanke mata dare sai ta ci gaba da fitar da sabbin gaɓoɓi, fure ko oho. Idan dare yana yin sanyi sosai, wajen digiri 13, takan ƙulla ko ba a rufe ta ba, amma wanda barandarsa ke tsayawa a 17 ko 18 kada ya yi wasa da kwali.

A waɗannan makonni ka rage ban ruwa. Sai ka tura yatsa ka ji saman ƙasar ya bushe sannan ka zuba, da safe, ka bar rarar ta tsiyaye ta ƙasan tukunya. Taki kuwa a dakatar da shi gaba ɗaya. A daren da jaura ta tsananta, ma'auni ya doshi digiri 10, ka shigar da ita ɗakin da ba kowa.

Da ƙulli ya fito

Za ka ga wasu 'yan ƙwayoyi a bakin gaɓar ƙarshe, ba su kai ƙwayar dawa ba. Da sun fito sarai, aikin kwali ya ƙare. Daga nan kuma ka daina yawo da tukunyar, ko juya ta kada ka yi ba dalili. Sauyin wuri, sauyin haske, ko tashi daga sanyi zuwa ɗumi kwatsam, kowanne yana sa ta zubar da ƙullin.

Ka nisanta ta da kaskon wuta da kurfoti da risho da ake ɗumama ɗaki da su, da hayaƙin janareta. Ba zafin kaɗai ba ne, hayaƙin yana ɗauke da iskar etilin, wadda ke sa fure kakkaɓewa. Ayaba da tumatir da ke nuna su ma suna fitar da ita, don haka kicin da sito ba wurinta ba ne. Wanda ke da na'urar sanyaya ɗaki kuma kada ya sa ta a saitin iskar, ga shi in an ɗauke wuta ɗakin kan rikiɗe ya yi zafi cikin ɗan lokaci.

Bushewar iska ita ce abokiyar gabar wannan mataki. Ka sami faranti mai faɗi, ka zuba tsakuwa, ka sa ruwa bai kai saman tsakuwar ba, ka ɗora tukunyar yadda gindinta ba zai taɓa ruwa ba. Ajiye ta kusa da randa ko cikin sauran shuke-shuke ma yana taimakawa. Ƙurar da ke kwanciya a gaɓoɓin a goge ta a hankali da jiƙaƙƙen tsumma. Yanzu ban ruwa ya ɗan ƙaru, kada ƙasar ta bushe ƙamas.

Wanda ya fara a Nuwamba ya sa ran fure a Janairu, wani lokaci har farkon Fabrairu. Ba lallai ya zo daidai da Kirsimeti ba, kuma ba laifin kowa ba ne, yanayin garinmu ne. Furen ya fi daɗewa a wuri mai sanyi.

Tsallake bazara

Maris da Afrilu su ne lokacin da aka fi asarar ta, sa'ad da zafin rana ke haura digiri 35. A nan burin ba girma ba ne, a dai kai ta damina da rai. Ka sauke ta ƙasa, kan daɓe, a ɗaki mafi sanyi a gidan, domin zafi sama yake taruwa. Rana kai tsaye ko ta minti talatin ce a hana.

Dabarar da ta dace da mu ita ce ta tukunya cikin tukunya, wadda marigayi malami Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ka sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ka cika tsakaninsu da yashi, ka riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin babbar yana bushewa, cikin yana sanyi, kuma dabarar ta fi ci a busasshiyar iska irin ta Maris. Sai ka zura tukunyar shukar a ciki, ka ɗora ta kan 'yan tsakuwa. Saiwar za ta sami sanyi ba tare da ta kwana cikin ruwa ba.

Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin in mutum ya ga gaɓoɓin sun yanƙwane cikin zafi, hannunsa ruwa yake kaiwa. Ka fara taɓa ƙasar. In a bushe take, ƙishi ne, ka ba ta. In a jiƙe take kuma shukar ta yi laushi, saiwa ce ta ruɓe, ƙarin ruwa ƙarasa ta zai yi. Sai dai ka zare ta, ka yanke ruɓaɓɓen, ka sake mata ƙasa mai sako-sako: ƙasar ruɓaɓɓen ganye, yashi mai tsakuwa, da ɗan farfasasshen gawayi.

Da damina ta kankama sai ta farfaɗo, zafin Yuni zuwa Satumba da laimarsa sun yi kama da na gidansu. Ka fitar da ita baranda inda ruwan Agusta ba zai riƙa dukanta ba, ka riƙa ba ta taki mai rauni sau ɗaya a wata, ruwan sama da ka tara kuma ya fi mata na rijiya. A farkon daminar ne kuma za ka murɗe reshe mai gaɓa biyu ko uku, ka bar shi a inuwa kwana biyu bakin ya bushe, ka soka gaɓar ƙasa cikin ƙasa mai ɗan danshi. Cikin 'yan makonni zai yi saiwa. Ka dasa uku ko huɗu a tukwane dabam-dabam, ka rarraba su a wuraren da ka auna, in Nuwamba ta zo ka ga wanne lungu na gidan ne ya fi karɓar ta.