Yadda Ake Shirin Zuwa Hoton Asibiti

Idan likita ya tura ka hoton ciki a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ka tambaya tun a ranar ko ba a karyawa, domin hoton hanta da matsarmama yana buƙatar barin abinci na awa 6 zuwa 8. Hoton mara kuwa, ruwa ake sha a riƙe fitsari.

Kafin shiga na'urar MRI, wadda ke ɗaukar hoton cikin jiki da ƙarfin maganaɗisu, a cire zobe da 'yan kunne, a kuma faɗa idan akwai ƙarfe a jiki. Mai juna biyu ta sanar kafin hoton CT, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da hasken X-ray.

Ana iya nuna wa likita sakamakon ta waya daga Daura, amma mai ciwon ƙirji ko zubar jini a garzaya da shi asibiti.