Kurakuran da ake yi wajen sharhin tsofaffin littattafan batsa na Turai

Kuskuren da ya fi yawa a tsakanin masu sharhin littattafan batsa na Turai, musamman waɗanda suka ginu a kan mallakewa da miƙa wuya, shi ne yi wa marubutan nan biyu, Marquis de Sade da Leopold von Sacher-Masoch, kuɗin goro. Asalin wannan ruɗani ya samo tushe ne daga likitan ƙwaƙwalwa Krafft-Ebing, wanda a ƙarshen ƙarni na 19 ya ari sunayensu ya laƙaba wa halaye biyu da ya ɗauka cuta ne, wato jin daɗin azabtar da wani (sadism) da jin daɗin a azabtar da mutum (masochism), har mutane suka zaci abu ɗaya ne mai fuska biyu. Masanin falsafa na Faransa Gilles Deleuze ya ƙaryata hakan a 1967, kuma a ganina yana da gaskiya. A cikin Justine na Sade, wanda ya fito a 1791, babu wanda ya taɓa neman yardar yarinyar da ake zalunta. A labarin Sacher-Masoch na 1870 kuwa, namijin ne da kansa yake roƙon wata mata ta mallake shi, har da sa hannu a yarjejeniya. Gyaran shi ne mai sharhi ya fara tambaya: wa ya nema, kuma wa yake da ikon cewa ya isa?

Sai dai a nan ma wasu suke sake zamewa, domin da zarar sun ga takarda da sa hannu sai su ce magana ta ƙare. A wannan labarin na Sacher-Masoch, ban da yarjejeniyar, an sa mutumin ya rubuta wasiƙar da ke nuna shi ya kashe kansa, ma'ana ransa ma ya koma hannun matar. Yardar da ba ta bar ƙofar janyewa ba, sunanta kawai yarda. Haka nan a Histoire d'O, wani littafin Faransanci na 1954 da ya fito da sunan aro, ana yawan tambayar jarumar ko ta amince, amma sau da yawa tana amsawa ne kafin ta san abin da za a yi mata, kuma kada a manta cewa mai alƙalami ne ya sa mata wannan amsar a baki.

Akwai kuma batun rayuwar marubuci. Masu kambama Sade a matsayin gwarzon 'yancin tunani sukan tsallake 1768, shekarar da ya kulle wata matalauciya mai suna Rose Keller a gidansa na Arcueil, kusa da Paris, ya yi mata bulala, sai da ta tsere ta taga. Wannan ba ƙagaggen labari ba ne, kuma sharhin da ya ɓoye shi ya ci amanar mai karatu. A ɗaya ɓangaren, an shafe shekara arba'in wasu na rantsuwa cewa mace ba za ta iya rubuta Histoire d'O ba, har Anne Desclos ta fito a 1994 ta tabbatar ita ce. Sanin hakan yana sauya yadda ake karanta littafin, amma bai wanke abin da aka yi wa jarumar a cikinsa ba.