Darasi na 7: Turancin da ba a bin sa kalma-kalma

Kafin mu taɓa Turanci bari mu fara da namu na gida. In na ce maka yau Malam ya sha kunu, ai ba za ka tambaye ni na gyaɗa ne ko na tsamiya ba, ka san nufina ya ɗaure fuska ne babu fara'a. In aka ce wane dogon hannu gare shi babu mai ɗauko tef ya auna, kowa sai dai ya gyara wa wayarsa zama a aljihu. To Turawa ma suna da irin wannan salon maganar jingim, su idiom suke ce masa, kuma shi ne yake kayar da mutum ko da ya haddace kalmomi dubu, saboda kowace kalma ka san ta amma da an haɗa su sai ma'anar ta sulale ta wata hanya daban.

Akwai wani dattijo tela a ajinmu na yamma, ranar jarrabawar ƙarshen zango ya shigo ransa a ɓace yana riƙe da waya, ko zama bai yi ba ya miƙo min ya ce Malam duba min abin da yaron nan ya rubuto. Ɗan ƙanensa ne da ke karatu a Ingila ya turo ta WhatsApp, wai "Break a leg, Baffa". Shi kuma ya riga ya duba ƙamus tun a shago, break karyawa, leg ƙafa. Yana cewa yaron da tun yana rarrafe ni nake ɗinka masa kayan sallah shi ne yau zai yi min fatan karaya? Da ƙyar na zaunar da shi. Break a leg fatan alheri ne, daidai da ka ce wa mutum Allah ya ba da sa'a. Maganar 'yan wasan dandamali ce, suna da camfin cewa in ka fito fili ka yi wa ɗan wasa fatan sa'a kafin ya hau to abin zai lalace, sai suke juya maganar ta baibai, kusan yadda mu ma muke tsoron baki. In an faɗa maka amsarka thank you ce kawai. Baffa dai ya yi dariya daga baya amma ya ce shi a bar shi da Allah ya ba da sa'ar, kuma ban ga laifinsa ba.

Ƙafar nan ba ta ƙare ba. In kana ba Bature labari ya ce you are pulling my leg, yana nufin zolayarsa kake yi, bai yarda da gaske kake ba. In kuma ya dawo daga kasuwa ya ce it cost an arm and a leg, wato ya ci hannu da ƙafa, to abin ya yi ɗan karen tsada ke nan. Kishiyar wahala kuma a piece of cake, yankin kek, ma'ana abu mai sauƙi kamar shan ruwa.

Dabarar da nake so ku riƙa yi ita ce duk wanda kuka ji ku nema masa ɗan'uwansa a Hausa ku rubuta su jere a littafinku, Turanci a hagu Hausa a dama, haka ya fi zama a ka. Wasu kamar an yi su tare. It's raining cats and dogs, wai ana ruwan kyanwoyi da karnuka, mu kuma ruwa kamar da bakin ƙwarya muke cewa, kuma ni a ganina namu ya fi ma'ana don kowa ya taɓa ganin ruwa na zuba daga ƙwarya. Tsohuwar magana ce wannan, tana cikin rubutun Jonathan Swift tun 1738, yanzu ma an fi jin ta a littattafan makaranta, mutumin Landan na yau it's pouring zai ce ya wuce. A bird in the hand is worth two in the bush, tsuntsu ɗaya a hannu ya fi biyu a daji, ai ƙwai a baki ya fi kaza a akurki ke nan ba ragi ba ƙari. Spill the beans, zubar da wake, shi ne fasa ƙwai, tona abin da ake ɓoyewa. Sticky fingers, yatsu masu danƙo, shi ne dogon hannun da muka fara da shi. Stop beating around the bush kuwa in maigida ya faɗa maka a wurin aiki yana nufin ka daina kwana-kwana ka faɗi abin da ya kawo ka.

Wanda yake ba ni sha'awa shi ne once in a blue moon, abin da ake yi jefi-jefi sai an daɗe an jima. Ba wai wata yana rikiɗa ya zama shuɗi ba ne. A kalandar Turawa watanni kwana 30 ko 31 ne in ka cire Fabrairu, shi kuma farin wata daga cika zuwa cika kwana 29 da rabi yake ɗauka, shi ya sa bayan shekara biyu zuwa uku sai a samu ya cika sau biyu a cikin wata guda, kamar yadda aka yi a Agustan 2023, to cikar ta biyun ita ake kira blue moon. A lissafinmu na Hijira hakan ba zai taɓa yiwuwa ba tunda da jinjirin wata muke farawa, sau ɗaya yake cika a tsakiya shi ke nan.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne sosai, sanin ma'ana daban sanin wurin faɗa daban. Kick the bucket, shurin bokiti, mutuwa ake nufi, amma irin ta ya sheƙa barzahu ko ya ce ga garinku nan. Akwai wanda zai je gidan makoki ya ce wa iyalan mamaci ashe Alhaji ya sheƙa? To haka zai zama in ka rubuta wa abokin aikinka wannan a saƙon ta'aziyya. Abin da ake faɗa a nan shi ne he passed away, daidai da ya rasu ko ya riga mu gidan gaskiya.

Sai kuma waɗanda muka yi wa kwaskwarima a Najeriya har muka ɗauka haka suke. More grease to your elbow da ake rubutawa a ƙarƙashin hoton duk wanda ya samu ƙarin girma a Facebook, a Ingila more power to your elbow suke cewa. Cut your coat according to your size ma namu ne, nasu according to your cloth ne, tun 1546 yana cikin tarin karin maganar John Heywood, kuma da na kawo shi a aji Baffa tela ne ya fara ganewa, ya ce ai gaskiyar Bature, yadin da mutum ya kawo shi ke yanke hukunci, in ƙato ya zo da yadi uku ya ce babbar riga yake so sai dai ya koma kanti. Daidai ruwa daidai tsaki dai. Sannan I am coming da muke faɗa muna juya baya muna tafiya, wannan ina zuwa ce muka sa mata kwat, Bature in ya ji zai tsaya yana jiran ka matso kusa da shi ne, abin da zai gane shi ne I'll be right back. A tsakaninmu ba laifi ku faɗi na gida kowa zai fahimta, amma a takardar neman aiki ko jarrabawa ku sa na asalin.

Aikin gida: ka raba shafi biyu ka kwafe guda biyar daga cikin waɗannan tare da 'yan'uwansu na Hausa, da hannunka ba yaranka za su rubuta maka ba, ina gane rubutun kowa. Sannan ka kunna rediyo lokacin labaran Turanci ko ka saurari masu sharhin ƙwallo, duk maganar da ka san kalmominta amma ta ƙi haɗuwa ka rubuto ta yadda kunnenka ya ji, ko da rubutun bai yi daidai ba, mu warware ta tare a aji. Na ƙarshe, ga guda ɗaya ban fassara ba, under the weather. Mace ce ta kira wurin aikinta da safe muryarta a dashe ta ce I am under the weather today. Ka rubuto abin da kake zaton ya same ta, da kuma gaisuwar da za ka yi mata da Hausa.