Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Jinyar Dabbar da Ta Ci Maganin Ɓera

Da zarar an cika rumbuna da dawa da masakwa a yankin Marwa da Garwa na arewacin Kamaru, sai a shiga zuba maganin ɓera a kowane lungu, kuma a lokacin ne kare ko kyanwa ko akuya ke yin kiciɓis da shi. Yawancin magungunan nan, irin su warfarin da bromadiolone da brodifacoum, hana jini daskarewa suke yi, ta hanyar toshe amfanin bitamin K a cikin hanta.

Babban kuskure shi ne jira. Dabba takan yi kwana 3 zuwa 5 tana ci tana sha kamar babu abin da ya same ta, saboda sinadaran daskarar da jini da ke jikinta ba su ƙare ba tukuna, sai mai ita ya saki jiki. Ranar da dasashinta ya yi fari, numfashi ya yi mata wuya, ko jini ya ɓullo ta hanci ko cikin kashi, aikin ya riga ya yi nisa. A kai ta wurin likitan dabbobi a ranar da ta ci, tare da kwalin maganin, domin wasu magungunan ɓera, kamar baƙin garin nan mai warin tafarnuwa, bitamin K, wanda shi ne makarin masu hana jini daskarewa, ba ya yi musu komai. Ɗura madara ko manja kuwa ɓata lokaci ne kawai.

Sai rikita bitamin K1 da K3. Wanda ke aiki shi ne K1, wanda ake rubuta wa phytoménadione a kwali. K3, wanda ake samu a garin bitamin na kaji, ba ya maganin wannan guba, kuma yana lalata ƙodar doki. Ga kare, akan ba da miligiram 2.5 zuwa 5 a kowane kilo na nauyinsa kullum, ta baki, tare da abinci mai maiƙo don jiki ya karɓe shi sosai. Allura ta jijiya tana iya sa jiki ya yi mummunan bore nan take, ta tsoka kuma tana tara jini a wurin, shi ya sa likita kan yi ta ƙarƙashin fata. K1 yana ɗaukar awa 6 zuwa 12 kafin ya fara aiki, don haka dabbar da ke zubar da jini tana iya buƙatar ƙarin jini, kuma kada a ba ta asfirin.

A ganina, kuskuren da ya fi cin rai shi ne dakatar da magani da wuri. Kare ya miƙe bayan kwana huɗu, kuɗin magani ya yi nauyi, sai a ce ya warke, alhali brodifacoum yana daɗewa a hanta makonni da yawa. Warfarin yana buƙatar kamar mako 2 na jinya, sababbin magungunan ɓera irin su bromadiolone da brodifacoum kuwa mako 3 zuwa 4, sannan a gwada daskarewar jini kwana 2 zuwa 3 bayan ƙwayar ƙarshe. Duk tsawon lokacin a killace dabbar, ba farauta, ba guje-guje.

Makiyayi kuma yakan yi saurin sa wa akuya wuƙa don kada ta mutu mushe, amma gubar tana taruwa a hanta, saboda haka kada a ci naman ko a sha nonon sai likita ya amince. Matattun ɓeraye ma a binne su da zurfi, domin kyanwar da ke cin su tana iya kamuwa.