Yadda za a raba kuɗin kafin alƙalami idan aka soke aikin gyaran gida

Kuɗin da mai gida ya miƙa wa ɗan kwangila kafin a fara aiki amana ne a hannunsa har sai ya mayar da su aiki ko kaya. Yawancin rigimar da ke kai mutane gaban mai unguwa ko alƙali tana farowa ne daga ranar da magini ya ɗauki kafin alƙalami a matsayin ribarsa, ya toshe ramin wani aikin da shi. Idan aka soke kwangila, abin tambaya guda ne: nawa ne daga cikin kuɗin ya riga ya zama aiki ko kaya, nawa ya rage?

A ranar da maganar sokewa ta tabbata, kai ɗan kwangila ka tsayar da sayayya nan take. Kira mai tagogi, mai kwano da kafinta ka ce su dakata. Duk abin da ka saya bayan an ce maka a tsaya, a kanka yake. Sannan ka nemi sokewar a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne mai kwanan wata da dalili. Dalilin yana da muhimmanci, domin lissafin wanda mai gida ya fasa don kuɗinsa sun ƙare daban yake da na wanda aka kora saboda ya yi mako uku bai leƙo wurin aiki ba.

Kada ka kwashe ma'aikata ka bar gida a buɗe. Idan an yaye kwano, a rufe da tamfol a ɗaure shi sosai, balle a damina. A toshe bakin bututun ruwa, a naɗe kan wayoyin lantarki, a cire fiyus ɗin ɓangaren da ake gyara. Kuɗin wannan yana shiga lissafi. Silin da ruwan sama ya lalata bayan tafiyarka zai iya cinye duk abin da kake ganin kana bi.

Sai awo, kuma a nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Ku haɗu a gidan cikin kwana biyu ko uku, kai da mai gida, kowa da shaidarsa, da tef da takarda. Idan aikin babba ne, ku ɗauko injiniya ko gogaggen birkila wanda ba ya cikin aikin, ku raba kuɗin sallamarsa. A auna katanga da murabba'in mita. Bulo goma ne ke shiga murabba'in mita ɗaya, don haka katanga mai murabba'in mita 40 ta ci bulo wajen 400, ban da waɗanda suka fashe. A auna filasta da tayil haka nan. A ƙirga buhunan siminti, sandunan rodi da kaurinsu, katan-katan na tayil, bokitan fenti. A ɗauki hoto da bidiyo ɗaki-ɗaki. Aikin da aka yi rabi, kamar bangon da aka yi wa filasta gefe ɗaya, a rubuta shi rabi. Kowa ya sa hannu a takardar kafin a watse, domin bayan mako guda kowa zai tuna abin da ya fi masa daɗi.

Kayan da aka saya ba duka suke daidai ba. Akwai wanda ake iya mayarwa: tayil da ba a buɗe katan ɗinsa ba, rodi mai cikakken tsawon mita 12 da ba a yanka ba, kayan famfo da na wuta a ledarsu. Mai shago yakan karɓa idan akwai rasit, wani lokaci ya rage wani abu, kuma ragin yana kan wanda ya jawo sokewar. Akwai kuma wanda ya zama na gidan har abada: kwanon da aka yanka daidai da tsawon rufin, tagogi da ƙofofin da aka ƙera da awon gidan, fentin da aka haɗa wa launi, rodin da aka lanƙwasa. Waɗannan a bar wa mai gida a kan farashin rasit. Siminti yana tsakiya. Ba ya jure ajiya. Bayan wata uku ƙarfinsa ya fara raguwa, idan ya sha danshi kuwa ya dunƙule tun kafin nan. In mai gida ba zai ci gaba da aiki nan kusa ba, gara a sayar da shi da wuri a sa kuɗin a lissafi.

Tashin farashi yana kawo gardama ta musamman. A farkon 2024 buhun siminti ya tashi daga wajen naira dubu biyar ya haura dubu goma a wurare da dama. Ɗan kwangilar da ya saya da araha sai ya so ya mayar da kuɗi ya riƙe kayan, wanda bai saya ba kuma sai mai gida ya ce siminti yake bi ba naira ba. Ƙa'idar da ta fi adalci ita ce: abin da aka saya da kuɗin mai gida nasa ne, ya tashi ko ya faɗi.

Ga misali. An yi jinga a kan naira 6,000,000, an ba da kafin alƙalami 2,400,000. Awo ya nuna aikin da aka kammala, kaya da kuɗin hannu, ya kai 700,000. Kayan da ke ajiye a gidan na 900,000 ne bisa rasit. An ba mai tagogi 300,000 ya riga ya yanka alminiyom. Jimla 1,900,000, saura 500,000. Idan mai gida ne ya fasa ba tare da laifinka ba, kana da haƙƙin ribarka a kan aikin da ka gama. In kun daidaita a kan kashi 10 cikin 100 na 700,000, ka cire 70,000 ka mayar da 430,000. Idan kai ne ka gaza, ka mayar da 500,000 ɗin cif, ka kuma ƙara da kuɗin gyara duk aikin da ya zama dole a rushe. In lissafi ya nuna ka kashe fiye da abin da ka karɓa, mai gida ne zai cika. Ko ta wane hali, a fara biyan leburori da birkiloli haƙƙinsu. Ba su da hannu a rigimar.

Wasu na rubuta "kuɗin da aka biya ba a mayarwa" a takardar jinga su ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Kotu na duba ko kuɗin jingina ne don tabbatar da ciniki ko kuwa wani ɓangare ne na kuɗin aiki, kuma kashi 40 cikin 100 da aka bayar don sayen kaya a fili yake ɓangaren kuɗin aiki ne. A mazhabar Malikiyya ma, wadda kotunan shari'a na Arewa ke bi, ba a yarda mutum ya riƙe kuɗin da aka ba shi a gaba don kawai ciniki ya fasu ba. Abin da za ka iya karewa a ko'ina shi ne asarar da ka nuna da rasit da awo.

Wajen mayarwa, ka tura kuɗin ta banki zuwa asusun da suka fito. Wannan ya fi muhimmanci idan mai gidan yana Saudiyya ko Legas, ƙaninsa ne ke kula da aikin: kada ka miƙa wa wakili tsabar kuɗi sai mai gidan ya ba da izini a rubuce. Idan ba za ka iya biya gaba ɗaya ba, faɗi gaskiya, a rubuta adadi da ranaku, kashi biyu ko uku. Takardar ƙarshe ta ƙunshi abin da aka karɓa, abin da aka cire, kayan da aka bari, makullan da aka miƙa, da cewa babu wanda ke bin wani bayan biyan ƙarshe.

Idan an kasa daidaitawa, a fara da dattawan sana'a ko mai unguwa, sannan zauren sulhu ko kotu. Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum don saɓa yarjejeniya kawai. Amma wanda ya karɓi kuɗin siminti ya sayi babur, ko ya kawo rasit na bogi, maganarsa ta tashi daga saɓa yarjejeniya ta koma cin amana, laifin da dokar laifuffuka ta Arewa (Penal Code) ta tanadar wa hukunci a sashe na 312.