Karatun Lauya a Ingila: Daga Neman Gurbi Zuwa Tsayawa a Gaban Alƙali

Kafin a biya ko sisi, ɗalibi ya fara yanke shawarar inda zai yi aikin lauyan, a Ingila ko a gida Najeriya. Digirin shari'a shi kaɗai ba ya ba mutum izinin tsayawa a kotu a ko ɗaya daga cikin ƙasashen biyu, kuma darussan da zai zaɓa a jami'a sun dogara ne da wannan shawarar.

Digirin LLB, wato digirin farko na shari'a, shekara 3 ne a Ingila da Wales. Ana nema ta UCAS, cibiyar neman gurbin jami'o'in Birtaniya, inda ake zaɓar gurbi har 5. Oxford da Cambridge kan rufe karɓa ranar 15 ga Oktoba. Su biyun, da jami'o'in UCL da LSE da King's da Durham, suna buƙatar jarrabawar LNAT, wadda ba ta tambayar doka ko kaɗan, fahimtar rubutu da iya kafa hujja take aunawa. Jami'o'i da yawa ba sa ɗaukar mai WAEC ko NECO kai tsaye, sai ya yi shekara guda ta share fage ko A-Level, don haka a lissafa aƙalla shekara 4. A kula da Sikotland: dokarta daban ce, digirinta ma yawanci shekara 4 ne.

Biza tana bukatar lambar CAS daga jami'a, wato shaidar an ba ɗalibi gurbi, da gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi, da shaidar kuɗin makaranta na shekarar farko haɗe da na zama na wata 9. Kuɗin nan sai sun kwana 28 a jere a asusu. Idan suka yi ƙasa da adadin ko da na yini ɗaya ne, ana iya hana bizar. Aiki kuwa awa 20 kawai aka yarda a mako lokacin karatu, ba zai biya kuɗin makaranta ba.

Wanda zai zauna a Ingila yana da hanya biyu, domin a can solisita (mai ba da shawara da shirya takardu) daban, barista (mai tsayawa a gaban alƙali) daban. Tun 2021 hanyar solisita ita ce jarrabawar SQE. Kashin farko tambayoyi 360 ne na zaɓi, a takarda biyu. Kashi na biyu gwaji 16 ne na aiki: ganawa da mai neman lauya, rubuta takardu, bincike, da gabatar da hujja da baki. Sai gogewar aiki ta shekara 2, wadda za a iya tarawa a wurare har 4.

Hanyar barista ta fi ƙunci. Ana son digiri aƙalla 2:2, da shiga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin baristoci huɗu na Landan: Lincoln's Inn, Gray's Inn, Inner Temple ko Middle Temple, da halartar zama 10 nasu, da kwas ɗin barista. Bayan an rantsar da mutum, ba zai samu cikakken izinin aiki ba sai ya yi wata 12 yana koyon aiki a ƙarƙashin gogaggen barista, kuma masu neman wannan gurbin sun ninka guraben sau da yawa. Nan ne ɗalibai 'yan ƙasashen waje suka fi maƙalewa: ga sunan barista, babu izinin aiki, biza kuma tana ƙarewa.

Mai niyyar dawowa gida ba ya bukatar SQE ko kwas ɗin barista. Kuɗin nan gara a adana su. Abin da yake bukata shi ne digirin da Majalisar Ilimin Lauyoyi ta Najeriya za ta karɓa. Majalisar tana duba takardar sakamako darasi bayan darasi: tsarin mulki, dokar laifuka, kwangila, ɓarna da diyya, filaye, amana, kasuwanci, da dokar shaida. Biyun ƙarshe su ne tarkon, domin a jami'o'in Ingila da dama na zaɓi ne, ɗalibi yana iya kammalawa da sakamako mai kyau bai taɓa su ba. A ɗauke su a shekara ta biyu ko ta uku. Digirin da aka yi ta intanet ko daga nesa yakan gamu da ƙin karɓa, kuma LLM, wato digiri na biyu, ba ya maye gurbin LLB komai sunan jami'ar. Tun kafin tafiya, a tambayi Majalisar a rubuce game da jami'ar da aka zaɓa, a ajiye amsar.

Daga nan sai Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya, mai hedkwata a Bwari, Abuja. Wanda ya yi karatu a waje yana farawa da Bar Part I, inda ake koya masa dokokin gida: Tsarin Mulki na 1999, Dokar Amfani da Filaye ta 1978, da bambancin kundin laifuka na Arewa da na Kudu. Kada a raina wannan mataki. Wanda ya ƙware a dokar filayen Ingila zai tarar a nan filin jiha a hannun gwamna yake bisa amana. Idan ya ci, sai Bar Part II na kusan shekara guda tare da ɗaliban jami'o'in gida, a Bwari ko rassa irin su Bagauda a Kano, Yola, Legas da Enugu, har da zaman koyon aiki a kotu da ofishin lauyoyi, da liyafar cin abinci sau 3 ta wajibi.

Wanda ya ci jarrabawar ƙarshe, majalisar dattawan lauyoyi ce ke rantsar da shi, sannan ya rubuta sunansa a rijistar Kotun Ƙoli a matsayin barista kuma solisita a lokaci guda. Idan bai haura shekara 30 ba lokacin da ya kammala digiri, bautar ƙasa tana jiransa, kuma NYSC za ta nemi asalin shaidar digiri da fasfon da ya yi tafiyar da shi.